Alhaji Sahini da Mawaƙiyar Amurka

Da asubar fari muka tashi daga Sakkwato, ni da 'yata, masallata ba su gama watsewa ba muna ƙofar gida da jaka ɗaya. Inna, mahaifiyata, ta rako mu har bakin zaure, kuma ba don ta yi mana fatan sauka lafiya kaɗai ba. Ta kama hannun rigata ta ce, "Kak ku komo min gidan ga ba tare da shi ba." Wanda take nufi Kawu ne, ƙanenta da ke zaune a Isa, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, kuma likitan da ya duba shi bara ya ce in aka ƙara jinkiri aikin ma ba lalle ya yi amfani ba. An kira shi a waya har an gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai babu abin da ya rage a duniya da yake marmarin gani. Shi ne Inna ta ce in je in ɗauko shi, kamar dai tsohon buhun gero ne. Ta ce in tafi da 'yar tawa, wadda ke hutun jami'a, don jika tana iya faɗa wa kaka abin da ni ba ni da bakin faɗa.

Ku da kuke bina a wannan shafi, yawancinku ba ku san Kawu ba, don haka bari in gabatar da shi. Zamanin da talabijin ɗaya ce a unguwa, baƙi da fari, ana fito da ita ƙofar gida kowa ya shimfiɗa tabarma, Kawu yana cikin masu wasan kwaikwayo. Wasa ɗaya ne ya fito da shi. Ya fito a matsayin wani Bagobiri ɗan kasuwa mai jaki, da ke kai kaya Nijar. Duk sa'ad da ya isa iyaka sai jandarma, ɗan sandan can, ya ƙwace kayan, in ya buɗe baki zai yi roƙo sai jandarman ya ɗaga hannu ya ce masa "se fini", wato da Faransanci magana ta ƙare. Shi kuwa kunnensa na Bagobiri sai ya ji Sahini, ya ɗauka sunan wani babban mutum ne da ake tara wa kayan. Haka ya bi gari gari da jakinsa yana tambayar gidan Alhaji Sahini, don ya je ya ba shi haƙuri ya mayar masa da kayansa. Wasan ke nan. Muna yara in an sa shi unguwa takan ɗauki dariya gaba ɗaya. Daga baya aka naɗe muryoyin a kaset, fatake suka yi ta yawo da shi. Sannan zamani ya juya, Kawu ya koma Isa ya kama noma.

A tasha direbobi suka ce hanyar da ta ratsa daji kai tsaye zuwa Isa a ƙyale ta a 'yan kwanakin nan, gara mu zagaya ta Sabon Birni. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Da na yi ƙorafi direban ya ce rabi na mai ne, rabi kuma na ransa da yake ɗauka ya sa a hanya. Na biya. Aka cusa mu a ƙaramar mota, gwiwata a haɓata, wani buhun albasa yana dannar ƙeyata.

Gardamar ta fara ne tun kafin mu kai Achida. 'Yar tawa ta toshe kunnuwa da waya tana kaɗa kai, na ce me ake ji ne haka. Ta ce wata mawaƙiya ce Ba'amurkiya, wadda a faɗarta babu wanda ya kai ta suna a bayan ƙasa yanzu. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na ce ai kakanki ma a zamaninsa duniya ta san shi. Ta cire abin kunnen ta dube ni da tausayi, ta ce, "Baba, wace duniya? Daga Sakkwato zuwa Illela?" Mutanen motar suka kwashe da dariya, har da direba, wanda ban ga abin da ya shafe shi ba.

Sai ta miƙo mini wayar. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na gani ya girgiza ni. Filin ƙwallo ne cike maƙil, sama da ƙasa, kowa ya ɗaga fitilar waya, ga mace ɗaya tsaye a tsakiya cikin kayan da ba zan so a ga 'yata da su ba. Ta yi shiru ta miƙa musu abin magana, jama'ar nan gaba ɗaya suka ɗauki waƙar da baki ɗaya. Aka nuna mini wani filin a Japan, wani a Brazil, mutanen da ba harshensu ba ne suna rera ta suna hawaye. Ban taɓa ganin taron da ya kai wannan ba in ban da Arfa, Allah ya yafe mini haɗin. Na mayar mata da wayarta na ce hayaniya ce kawai. A raina kuwa na san an ci ni, kuma na ji haushi ƙwarai.

A Goronyo muka tsaya, muka sayi soyayyen kifi mai yaji da ya sa ni tari har da ƙwalla. Daga nan hira ta mutu da kanta. Muka jira wasu motoci suka taru, sannan muka jera muka kama hanya, kowane direba idonsa a kan motar da ke gabansa. Shinge bayan shinge, nan sojoji, can 'yan sa-kai da bindigogin gargajiya, a leƙo a dube mu a ce Allah ya kiyaye. Lokacin kaka ne, gero ya nuna. Wasu gonakin an girbe, dammuna a jere gwanin sha'awa. Kusa da su kuma sai ka ga gona ciyawa ta fi mutum tsawo, ka san mai ita ba ya nan. Muka wuce wani ƙauye da rumbunansa ke tsaye ba jinka, ko kaza ban gani ba. Wani dattijo mutumin Tsamaye da ke zaune kusa da ni bai daina motsa leɓe ba har muka hango gari. Babu wanda ya ambaci sunan abin da muke tsoro.

Mun yi sa'a ranar kasuwa muka shiga Sabon Birni. Duk wanda ya ji labarin yankin nan daga nesa zai ɗauka kowa ya shige ɗaki ya kulle, amma kasuwar na ci har ba wurin sa ƙafa. Ga Gobirawa da tsagensu a kumatu, ga mutanen Nijar da rawunansu sun kawo dabino da kanwa da cukwi, suna lodin gero da robobi da atamfa. Ana ciniki da naira ana yi da sefa, babbar mota ma a nan kamiyo ake ce mata. Na sha furar da ta tuna mini da ƙuruciya, mai ɗan yaji, an dama ta da kauri. Mai furar ta ce in gode wa Allah na samu da nonon gaske, don shanu sun yi ƙaranci, wasu yanzu da madarar gari suke damawa.

'Yata ba ta manta da gardama ba. Ta ja ni rumfar wani mai cajin waya da tura waƙoƙi, magidanci ne mai furfura a gemu, ta kunna masa waƙar ba tare da ta faɗi sunan mai ita ba. Ko minti ba a yi ba ya ce, "A'a, wagga ai muna da ita." Bai san sunanta ba, a kwamfutarsa ya rubuta ta da Baturiya mai kuwwa. Amma samarin da ke zaune a bencin suka ɗauki amshin suna bi, kalmomin duk sun karye a bakinsu, karin kuwa daidai. A garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, har wasu sai da layin Nijar suke kira, muryar matar nan ta ratso teku da sahara ta iso rumfar kwano a Gobir. Na yi mamaki, kuma na faɗa. Sannan na fito da tsohon hoton Kawu da ke wayata, yana riƙe da igiyar jaki. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Wani ya ce ya yi kama da mai maganin basir da ke zuwa kasuwa. Wani dattijo ya ce fuskar ba baƙuwa ba ce, ko ya taɓa yin kansila. 'Yata murmushi kawai take yi, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na bar wurin raina a ɓace, na nufi masu dabino in saya wa Kawu tsaraba. Ina tsugune ina zaɓe, wasu fatake biyu na hira a gefena. Ɗaya ya tambayi ɗan'uwansa ina buhunan da ya yi lodi waccan kasuwa. Wancan ya watsa hannuwa ya ce, "Suna wurin Alhaji Sahini."

Saura kaɗan dabinon ya zube daga hannuna. Na juya na gaishe su, na ce don Allah wane ne wannan Alhaji Sahini. Mai buhunan, mutumin wajen Maraɗi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai baƙo na halan? Duk abin da yat tahi ba shi komowa, wurin Alhaji Sahini shike." Na ce a ina maganar ta samo asali. Ya ce ai mutum ne na gaske, babban attajiri a zamanin Nasara, Ba'adare, kakansa ma ya san shi. Abokinsa ya ce ƙarya ne, mutumin Madawa ne, shi har kangon gidansa an taɓa nuna masa. Nan fa suka kaure da musu, jijiyar wuya a tashe, a kan garin mutumin da kawuna ya ƙaga da bakinsa. A cikin musun ne na ji cewa direbobin Agadas suna faɗa, masu haƙar zinariya a sahara suna faɗa, Buzayen da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba su ma sun san gidan Alhaji Sahini. Na ce musu ai daga wasan kwaikwayo ne, kuma mai wasan yana nan da ransa a Isa. Suka dube ni suka yi dariyar ladabi, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a son a kunyata.

Na waiwayi 'yata ina jiran ta sallama. Ina! Ta ce, "Baba, wanga ba suna ba na. Ba su san shi ba, ba su ma yarda akwai shi ba." Na so in yi mata tsawa, sai na ga akwai gaskiya a maganarta, na haɗiye.

Muka kwana a gidan wani tsohon abokin mahaifina, aka cika mu da tuwon gero miyar kuka. Da hantsi muka bi jerin motoci zuwa Isa. Garin ya cika ya batse da mutanen ƙauyukan da suka gudo, wasu a barandar makaranta, wasu a kangaye, mata na girki a bakin hanya. Ban taɓa ganin Isa da yawan jama'a haka ba, kuma ban ji daɗin dalilin ba.

Muka tarar da Kawu a zaure a kan buzu, casbi a hannu. Ya rame har na ji kunyar ƙibata. Idanun sun yi fari fat kamar an ɗiga musu nono. Da murya ya gane ni. Da ya ji ta 'yata kuwa sai fuskarsa ta saki, wasan kaka da jika ya motsa, ya ce, "Wa nika ji? Amaryata ta zaka?" Ta ce, "Ni ba ni son miji makaho, Kaka. Tashi mu tahi a gyara ka, in ba haka ba in sake wani." Ya yi dariya har da tari. Na ce a raina aiki ya yi sauƙi.

Ashe ban san komai ba. Da na kawo maganar asibiti bayan la'asar, sai ya sa hannu ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, ka gai da Yaya, ka ce mata na gode. Mi za ni gani? Abokan wasana duk sun riga ni. Ƙuruciyata na ƙare ta wurin sa mutane dariyar banza, yanzu gahwara nika nema. Duhun ga bai dame ni ba." Na kawo masa maganar likita, na kawo ta zumunci, na ce Inna ba ta barci saboda shi. Har murya na ɗaga, abin da bai kamata ba, don ni in raina ya ɓaci ba na iya tauna magana. Na ba shi labarin fataken Sabon Birni ina zaton zai ji daɗi. Ya kaɗa hannu ya ce ya san ana faɗa, maganar 'yan tasha ce, ba abin da za ta ƙara masa a kabari.

'Yata ce ta sauya zancen. Ta ce bari ta jiyar da shi wadda ta ƙwace masa duniya, ta kunna masa bidiyon filin ƙwallon nan ta kara masa a kunne. Ya saurara har wurin da jama'a suka ɗauki waƙar. Ya tambaya wannan rurin na mene ne, ta ce mutane ne suke rera mata waƙarta. Can ya ce, "Tana ganinsu?" Ta ce tana ganinsu mana, ga su a gabanta. Ya ce, "To ta more. Mu akwatin ɗaukar hoto munka yi ma wasa, da mutum guda bayan akwatin, shi ko ba shi dariya." Ban taɓa tunanin wannan ba. Duk dariyar da muka yi a ƙofar gida muna yara, shi bai ga ko ɗaya ba.

Washegari na sake gwadawa, ya sake ƙi. Na haɗa jaka ina tunanin da wane baki zan shiga gida in gaya wa Inna ƙanenta ya zaɓi duhu. Abu ɗaya dai na sani game da Kawu, duk taurin kansa ba zai bar baƙo ya tafi ba rakiya ba. Ya tashi ya lalubo sandarsa da niyyar ya kai mu bakin lungu ya juya. A bakin lungun 'yata ta riƙe sandar gam ta ce ita ba ta taɓa jin inda ango ya tsaya da rakiyar amarya a lungu ba, sai tasha. Ya yi mita, ya kira ta marar kunya, amma ya ɗora hannu a kafaɗarta muka tafi. Maƙwabta suka yi ta leƙowa, don an daɗe ba a ga ya wuce masallacin unguwa ba.

A tasha aka ce sai motoci sun cika a tashi tare. Muka zauna a bencin wata mai masa, mace mai matsakaicin shekaru, hannunta da sauri kamar ta shekara goma a bakin tanda. Ni da son tambaya na ce 'yar garin ce. Ta ce a'a, daga Kamarawa suka gudo, suyar ma a nan ta koya. Ta ce, "Da muna da shanu, muna da rumbu. Yanzu duk suna wurin Alhaji Sahini." Ta faɗa tana juya masa tana dariya. Wani mai shan koko a gefe ya ce nasa ma suna can, in ta je ta gaishe su. Benci ya ɗauki dariya. Na lura casbin Kawu ya tsaya.

'Yata ta kasa daurewa ta ce wa mai masar, Inna, abin dariya ne wannan? Matar ta kwashe masar da ke tanda, ta zuba wani ƙullun, sannan ta ce, "Ɗiyata, rad da anka kore shanun, maigidana ya zamna bakin turke, ba shi magana, ba shi cin abinci, har munka ji tsoron hankalinai. Sai wani maƙwabcinmu, shi ma an kwashe nashi, ya zaka ya zamna kusa da shi. Can ya ce mai, to yaushe za mu gidan Alhaji Sahini? Maigida ya yi dariya har ta koma kuka. Ran nan yash sha hura." Ta ƙara da cewa ɗanta da ke aikin gini a Libiya, in an hana shi haƙƙinsa haka yake ce mata a waya, har Balaraben da suke yi wa aiki ya iya faɗa.

Ban ankara ba 'yata ta nuna Kawu ta ce, "Inna, kin ga tsohon ga? Shi na ya ƙago Alhaji Sahini." Matar ta dubi tsoho makaho mai kodaddiyar riga, ta ce 'ya'yan birni ba su da ta ido. Amma wani dattijon ɗan kamasho da ke rubuta fasinja ya matso, ya ce shi ya taɓa jin kaset ɗin a motar ubangidansa yana yaro, kuma muryar ba ta bar kunnensa ba. Ya ce in shi ne, ya yi muryar a ji.

Na ɗauka Kawu zai ce mu tashi. Ya sunkuyar da kai. Sai ya miƙa wa 'yata sandar, ya miƙe tsaye. Ya ranƙwafar da baya, ya kama igiyar jakin da babu shi, ya ja, jakin ya ƙi, ya yi masa tsaki. Wallahi na ga jakin nan da idona. Sannan ya ɗaga fuska ya yi sallama da wata siririyar murya mai ban tausayi, wadda rabona da ita tun ina ɗan firamare: "Salamu alaikum masu gida. Don Allah nan na gidan Alhaji Sahini? Ni na mai jakin jiya."

Ɗan kamashon ya jefar da alƙalaminsa ya ɗora hannu a ka yana cewa wallahi shi ne. Kafin ka ce me tasha ta taso. Direbobi suka bar motocinsu, masu talla suka sauke farantai, matan da ke zaune a kan ƙullin kayansu suka miƙe. Kawu ya ja jakinsa ya bi da'irar mutane yana tambayar kowa kwatance, ya tambayi direba, ya tambayi mai rake, ya laluba ya kama hannun wani soja ya ce ko shi ne ɗan Alhajin. Sojan ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Mai masa ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya tana share hawaye da gefen zane, masarta na ƙonewa ba wanda ya kula. Yawancin mutanen nan babu wanda bai rasa wani abu ba, gona ko dabba ko ɗan'uwa, ga su suna riƙe da juna don kada su faɗi. Ni ban yi dariya ba. Tsoron Allah ne ya kama ni, da na ga abin da ya ajiye a bakin tsohon nan shi kansa bai sani ba.

Ina kallonsa yana juya fuska dama da hagu, yana bin dariyar da kunne. Can ya saki igiyar, ya miƙa hannu yana lalube har ya kama nawa. Ya tambaye ni a hankali ko suna da yawa. Na ce tasha ce gaba ɗaya, Kawu. Ya ce, "Mai masar ga, ƙaƙa huskatta take in tana dariya?" Na fara kame-kame, na ce tana da wushirya, idanunta sun ƙanƙance, kumatunta kuma, sai na rasa yadda zan ce. Ya ce, "Ba ka iya ba. Kama min wuri cikin motag ga."

Haka ya shiga mota daga shi sai rigar jikinsa da sanda. Muka aika gida a gaya wa iyalinsa, a biyo shi da kaya. Ɗan kamashon ya hana a karɓi kuɗin kujerarsa, mai masa ta cusa masa ƙulli a cinya, rabinsa ƙonanne.

Hanyar dawowa ba ta sauya ba, shingayen nan ne da gonakin nan da shirun nan. Bayan mun wuce Goronyo numfashi ya dawo, na taɓa 'yata na ce to wa ya ci gardama. Ta ce har yanzu mawaƙiyarta ta fi suna, wannan ko a kotu. Na yarda, don gaskiya ce. Ita sunanta da fuskarta suna tafe tare da waƙarta duk inda ta je, ana iya ƙirga masu sonta, kuma wa ya sani, ƙila a can Brazil ma akwai wanda ya ƙi abinci har sai da ya ji muryarta. Shi kuwa Kawu maganarsa ta bar sunansa da fuskarsa a baya, ta bi fatake da direbobi a ƙasa, ta shiga bakin mutanen da ke rantsuwa kakansu ya san wanda ba a taɓa haifa ba. Na fita daga gida ina neman wanda ya fi, na dawo ina jin tsoron abin da ke fita daga bakin ɗan Adam, don mai faɗa ba ya sanin inda maganarsa za ta kwana ko wanda za ta tayar. Wannan shi ne abin da tafiyar ta koya mini.

Mun shiga Sakkwato rana ta yi ja. Inna na zaune a zaure kamar tun da muka tafi ba ta motsa ba. Da ta ga wanda ke fitowa daga mota sai ta tashi ta shige ciki, muka ji tana faɗa da yara a kan ba a share ɗakin baƙi ba.

An yi masa aikin ido ɗaya a makon da ya wuce, ɗayan kuma sai bayan wannan ya warke. Ranar da za a cire bandeji muka cika ɗakin har ma'aikaciyar jinya ta kore rabinmu. Aka ɗaye a hankali. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan Inna. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Yaya, wa ya ba ki izinin tsuhwa haka?" Dariya ta ƙwace mata, ta ja mayafi za ta rufe baki saboda giɓinta. Ya miƙa hannu ya riƙe mayafin.

"Bari, kak ki ruhe," in ji shi. "Dariyag ga niz zaka gani."